Delfin, Jirgin Malami Da Almajiri

Daga cikin jiragen soja da suka taɓa sauka Kano akwai wani ƙarami wanda masu sha'awar jiragen sama ba su gushe suna yabonsa ba. Sunansa L-29, laƙabinsa Delfin, watau sunan wata dabbar teku. Kamfanin Aero na ƙasar da a da ake kira Cekoslobakiya ya ƙera shi. Ya fara tashi cikin 1959, kafin a daina ƙirarsa cikin 1974 kuwa an yi fiye da 3,000.

Ba shi da farfela. Injinsa ɗaya ne, yana shaƙar iska, ya ƙona ta da mai, ya feso ta baya da ƙarfi. Gudunsa ya kai mil 400 cikin sa'a guda. Tsakanin Sakkwato da Kano, inda ayarin fatake kan kwana da yawa bisa hanya, shi ba ya cika minti 40.

Amma ba gudun ne abin yabonsa ba, gama akwai waɗanda suka fi shi nesa, hasali ma nawa gare shi wajen tashi. Abin yabon shi ne haƙuri. Mazauni biyu gare shi: almajiri a gaba, malami a baya, an ɗan ɗaga nasa domin ya riƙa hangen gaba. Kowannensu da linzaminsa, in yaro ya kuskure sai malami ya karɓe nan take. Fikafikansa miƙaƙƙu ne, saboda haka yana iya tafiya sannu ba tare da ya rikito ba, ya kan yafe kuren da wani jirgi zai halaka mutum a kansa. Ko filin da babu kwalta yana sauka.

Zuwansa Nijeriya bai zo da daɗi ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke cikin Yulin 1967, Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Janar Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya wajen Rasha da Cekoslobakiya. A shekarar nan Delfin ya iso, aka ɗaura masa rokoki, jirgin da aka yi domin karatu ya tafi fagen fama. Sai bayan an ajiye makamai cikin Janairun 1970 ya samu sukunin aikinsa na asali, matuƙa da yawa suka koyi tuƙin jet a cikinsa a Kano, har ƙanensa L-39 ya zo cikin 1986 ya gaje shi.