Allon Fitar da Mota daga Laka da Yashi: Yadda Ake Saye da Yadda Ake Amfani da Shi

Damina a Birnin Tarayya tana sauka ne daga watan Afrilu zuwa Oktoba, kuma ruwa ya fi ƙarfi a watannin Agusta da Satumba, daidai lokacin da sabuwar doya da ɗanyar masara ke fitowa daga gonakin Kwali, Abaji, Kuje da Gwagwalada. Manomin da ke waɗannan yankuna ya san cewa kilomita biyar ɗin da ke tsakanin gona da bakin kwalta sun fi sauran tafiyar wahala. Idan a-kori-kura ta kafe a fadama da kaya a bayanta, ba lokaci kaɗai za ka yi asara ba. Tumatir da barkono ba sa jiran kwana, doya kuwa tana ƙujewa a duk saukewa da lodawa, kuma mai saye a kasuwar Zuba ko Gwagwalada zai rage maka kuɗi saboda wannan ƙujewar.

Mene ne wannan allo?

Faffaɗan allo ne mai haƙora a samansa, wanda ake cusawa ƙarƙashin taya domin ta sami abin kamawa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a shekarun 1920 da 1930 masu ratsa hamadar Masar da Libiya da mota suke tafiya da dogayen ƙarafa don wannan aiki, kuma direbobin manyan motoci tsakanin Agadas da Bilma sun daɗe suna ɗaure faifan ƙarfe mai huji-huji a jikin mota. Na roba mai ƙarfi, wanda ya fi yawa yanzu, ya yaɗu ne daga Ostiraliya, inda aka fara sayar da samfurin MAXTRAX a shekarar 2005. Tsawonsa ya ɗan haura mita 1, faɗinsa kimanin santimita 33, nauyin guda ɗaya bai kai kilo 4 ba.

Kafin ka biya kuɗi

Ka sayi biyu, domin guda ɗaya ba ya wadatarwa. Ka tambayi irin robar: na nailan yana lanƙwasa ya koma yadda yake, amma mai arha yakan bushe a rana ya tsage a ranar farko da aka ɗora masa nauyi. Ka jingina gefe ɗaya a kan bulo ka taka tsakiyarsa. Idan ya yi ƙara ko ya yi fari a wurin lanƙwasar, ka bar shi. Ka duba nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka, ka kwatanta da nauyin motarka da kayanta gaba ɗaya. Yawancin waɗannan alluna an yi su ne don ƙananan motoci irin Hilux, ba don tarakta mai jan tirela ko babbar motar ɗaukar hatsi ba. Ka zaɓi mai launi mai haske, don laka tana haɗiye shi.

Tun da daga waje ake shigo da shi, tsadarsa tana bin farashin dala. A ganina, ƙaramin manomi bai kamata ya saka kuɗin taki a cikinsa ba. Ƙungiyar manoma tana iya sayen biyu a ajiye wurin direban da ke yi mata jigila. Haka kuma kafinta zai iya haɗa maka madadinsa: ka samo katako mai ƙwari a kasuwar Dei-Dei, kauri inci 2, faɗi inci 12, tsawo ƙafa 4, a gicciya masa ƙananan itatuwa a kai, tazarar tafin hannu tsakaninsu. A ɗaure su da noti, a nutsar da kawunan cikin katakon. Kada a buga ƙusa, domin takan fito ta huda taya. Katako zalla mai santsi ba shi da amfani idan ya jiƙe.

Idan mota ta kafe

Abu na farko, direba ya ɗaga ƙafa daga totur. Wannan shi ne inda aka fi yin kuskure. Duk juyin da taya ta yi a wuri ɗaya rami take haƙawa, har cikin motar ya zauna a ƙasa, kuma daga nan aikin minti 20 ya zama na yini. A aikin gwajin gona na sha ganin direba yana ta ba da wuta, matasa suna turawa, laka tana feshe su, motar kuwa sai ƙara nutsewa take yi.

Ka sauka ka duba. Sau da yawa komawa baya ta hanyar da aka shigo ya fi sauƙi, domin can ne ka tabbata akwai ƙasa mai tauri. A rage kaya, amma a bar kaɗan a saman tayoyin baya, saboda a-kori-kura da babu komai a bayanta ba ta kama ƙasa. Sai a sa shebur a kwashe lakar da ke gaban tayoyin da ke jan motar, a yi gangara mai sauƙi, a kuma kwashe wadda ta tokare cikin motar. A cusa bakin allon sosai har ya taɓa zanen tayar, haƙoran suna kallon sama, ɗaya gefen ya ɗan ɗago. Idan bai shiga ba, a ɗaga tayar da jak a kan faffaɗan katako, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota a wannan hali.

Direba ya sa ƙaramar giya, ya haɗa tayoyi huɗu idan motar tana da wannan tsari, ya saki kuloci a hankali. Idan tayar ta fara juyawa a banza, ya tsaya a gyara zaman allon, domin zafin gogayya yana narkar da haƙoran roba cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Kowa ya kauce daga gaba da bayan motar, don taya tana iya cilla allon da ƙarfi. Da motar ta hau, ya ci gaba da tafiya har sai ya kai tudu. Ka ɗaura wa kowane allo igiya tun da farko, da ita za ka jawo shi daga cikin laka.

A yashin rafi lokacin rani, rage iskar taya kaɗan yana taimakawa, muddin kana da famfon da za ka mayar da ita kafin ka hau kwalta. Allon ba gada ba ne, kada ka shimfiɗa shi a kan kwazazzabo.

A cikin gona kuwa, ramin da taya ta haƙa a jiƙaƙƙiyar ƙasa yana danƙare ta, ya hana ruwa shiga da saiwa sauka, kuma illar takan wuce damina ɗaya. Bayan ruwa mai yawa, ka tsayar da motar a bakin gona, a fito da kayan da baro ko amalanke. Idan an gama aiki, a wanke allon, a ajiye shi a inuwa.