3.2 Tasirin Ƙarancin Ruwa ga Ingancin Albasa a Ƙasar Yauri

Wannan sashe zai duba yadda ƙarancin ruwa ke shafar albasa. Tun bayan kammala madatsar Kainji a 1968, manoman Yauri da Ngaski da Shanga suna noman rani da ruwan tafkin da na Kogin Kwara. Saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa, saboda haka ba ta jure ƙishi. Idan ruwa ya yanke mata lokacin da take yin kai, kan yakan ƙanƙance, yajinta ya ƙaru, darajarta ta faɗi a kasuwa. Amma idan aka daina ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, wuyanta yakan bushe, ta daɗe a ajiye ba ta ruɓe ba. Ke nan, lokacin da ƙishin ya faɗo shi ne abin lura.