Tekun da Ya Taɓa Rufe Sakkwato

Ɗalibi, idan aka ce maka teku ya taɓa malale ƙasar Sakkwato, wataƙila ka ɗauka tatsuniya ce. Amma shaidar tana nan a Kalambaina, kusa da birnin, inda ake haƙar farin dutsen da ake yin siminti da shi.

Idan aka niƙa wannan dutse, aka wanke, aka duba da madubin likita, sai a ga ɓawon wasu ƙananan halittun teku da ake kira foraminifera. Yawancinsu ba su fi ƙwayar yashi girma ba. Sa'ad da suka mutu, ɓawonsu yakan nutse ya kwanta a ƙarƙashin ruwa. A hankali sai ya haɗu da laka, ya daskare, ya zama dutse.

To, yaya ake sanin shekarun dutse da su? Ka tuna da kwabo mai huji. Duk inda ka tsince shi, ka san an ƙera shi ne kafin a fara kashe naira a 1973. Haka waɗannan halittu suke: kowane iri yana da zamanin da ya bayyana da zamanin da ya ƙare. Da masani ya gane irin da ke cikin dutse, ya san zamaninsa ke nan. Na Kalambaina sun nuna kimanin shekara miliyan 60.

Ba shekaru kaɗai suke faɗa ba. Wasu iri suna yawo a saman teku mai zurfi, wasu kuma a ƙasan ruwa suke zama, kusa da gaɓa. Na Kalambaina galibi mazauna ƙasa ne, saboda haka tekun ba mai zurfi ba ne, kuma ruwansa mai ɗumi ne. Daga arewa ya kwararo, ta inda hamadar Sahara take a yau.

Na kwarin Binuwai sun fi waɗannan tsufa. Fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage ta lotsa a wurin, ruwan teku ya shigo. Farin dutsen Ashaka, a Jihar Gombe, a cikin wannan ruwa ya kwanta. Masu neman man fetur a yankin Neja Delta ma suna duba irin waɗannan ɓawo, don su san zamanin dutsen da injin haƙarsu ya kai.