Sake sayar da rubutun da ya riga ya fita a intanet: Abubuwan da ya kamata ka sani

Tun da masaƙun Kakuri suka durƙushe, matasan kudancin Kogin Kaduna suke lalubo sababbin hanyoyin neman abinci. A Barnawa da Narayi da Makera da Sabon Tasha akwai waɗanda jarinsu waya ce da biro: suna rubuta maƙala, su aika wa jaridun intanet, a biya su a kan kowane rubutu. Ladan ba ya da yawa, don haka marubuci kan so ya sake sayar da abin da ya riga ya fita. Shin doka ta ba shi dama? Amsar tana cikin abin da ya amince da shi ranar da ya miƙa rubutun.

Wace doka ce ke aiki?

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ce, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar dokar da ta samo asali a 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, NCC, ke kula da ita, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin sauraron ƙararrakin da suka shafe ta.

Haƙƙinka yana tabbata da zarar ka rubuta abin, ba sai ka yi rajista ba. Rajistar NCC ta ganin dama ce, amfaninta shi ne ta zama hujja ranar jayayya. Kariyar tana ɗorewa tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayan rasuwarsa, ke nan magada ma suna da rabo a ciki.

Wa ke da rubutun bayan an buga shi?

A ƙa'ida marubucin ne, sai fa in wata yarjejeniya ta ce ba haka ba. Bugawa kaɗai ba ta raba mutum da haƙƙinsa, biyan lada ma haka. Ma'aikacin gidan jarida kuwa sai ya duba takardarsa ta ɗaukar aiki, domin sau da yawa a nan ake mallaka wa kamfani duk abin da ya rubuta. Aikin da aka yi wa gwamnati ko wata hukumarta a bisa kwangila na gwamnati ne, matuƙar ba a yi wani sharaɗi dabam ba.

Hanyoyi uku na ba da rubutu

Nan ne zuciyar maganar, kuma tana kama da bambancin sayar da gida da ba da shi haya.

Ta farko ita ce sallamawa baki ɗaya. Haƙƙin ya koma hannun mai saye. Ba ka da ikon sake sayar da rubutun, ko sa shi a littafinka, sai da izininsa.

Ta biyu ita ce lasisin keɓewa. Rubutun naka ne har yanzu, amma mai lasisin kaɗai ke da ikon amfani da shi ta hanyar da aka ambata, har kai kanka an hana ka, sai wa'adin ya cika.

Ta uku ita ce lasisin da babu keɓewa. Ka yarda a buga, kuma kana da damar ba wa wani.

Dokar ta ce sallamawa da lasisin keɓewa ba su da tasiri sai an yi su a rubuce. Na ukun kuwa yana ƙulluwa da baki, ko ma a fahimce shi daga yadda aka yi mu'amala. Saboda haka wanda ya aika maƙala, aka buga, aka turo masa kuɗi, ba tare da wata takarda ba, a galibi lasisin da babu keɓewa ya bayar. Sai dai a yi hattara da sharuɗɗan da wasu shafuka ke sa mutum ya latsa amincewa kafin ya tura rubutu. Jama'a kan wuce su ba karatu, alhali a cikinsu ake ɓoye sallamawar.

Fassara da hotuna

A ce wata marubuciya a Barnawa ta rubuta maƙalar Turanci kan rayuwar tsofaffin ma'aikatan masaƙa, sannan wata mujalla ta nemi ta Hausa. Fassara tana cikin haƙƙoƙin da doka ta keɓe wa mai rubutu. In ta riga ta sallama, fassara aikin hannunta ma sai ta nemi izini. Abin da ba a mallaka shi ne tarihi da alƙaluma da ra'ayi: tana iya komawa Kakuri ta yi sababbin hirarraki, ta rubuta sabuwar maƙala. Canza 'yan kalmomi a tsohuwar ba ya mayar da ita sabuwa. Hotunan da suka raka rubutun kuwa haƙƙinsu dabam ne, yawanci na mai ɗauka ne ko jaridar.

Facebook da Wikipedia fa?

Sharuɗɗan Facebook suna barin mallaka a hannun mai rubutu, kamfanin yana karɓar lasisi marar keɓewa. Kana iya sayar da abin da ka wallafa a can. Wikipedia ta Hausa kuwa tana aiki da lasisin Creative Commons, wanda ba a janye shi, kuma ya ba kowa damar kwafa bisa sharuɗɗa. Irin wannan rubutu ba ka da ikon yi wa kowa alkawarin keɓewa a kansa.

Darasi daga Amurka

A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar jaridar New York Times da Jonathan Tasini da abokansa marubuta masu zaman kansu. Kotun ta ce izinin bugawa a jarida bai haɗa da sayar da maƙalolinsu ga rumbunan bayanai na kwamfuta ba. Marubuta sun yi nasara, amma kamfanoni da dama sun koma neman dukkan haƙƙoƙi a takardun yarjejeniya. Doka tana ba ka haƙƙi, sa hannunka yana iya kwashe shi.

In an sace maka rubutu

Dokar 2022 ta ba mai haƙƙi damar aika rubutacciyar sanarwa ga kamfanin da ke ɗauke da shafin, ya nemi a sauke abin da aka kwafa. Yana kuma iya kai ƙorafi NCC ko ya shigar da ƙara. Ko bayan sallamawa, marubuci yana da haƙƙin a ambaci sunansa, kuma kada a jirkita aikin ta yadda zai zubar masa da mutunci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ma, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi abin karewa ne a shari'a.

Kafin ka sake sayarwa

Nemo yarjejeniyar farko ka karanta. In akwai wa'adin keɓewa, jira ya cika. Faɗa wa sabon edita gaskiya cewa rubutun ya taɓa fita, da inda ya fita, domin wanda ya biya kuɗin sabon rubutu aka ba shi tsoho an yaudare shi, ko da haƙƙin naka ne. Ajiye saƙonni da shaidar biya.

A aiki na gaba kuwa, nemi a rubuta abu huɗu: irin lasisin, tsawon wa'adinsa, harshen da ya shafa, da kafar da za a buga. Marubuci, kada kunya ta hana ka tambaya. Guminka ne, kuma doka tana bayanka.