Ko Kun Sani? Rigar Gwanjo da Ruwan da Ta Sha

Ko kun san riga ɗaya ta auduga, irin mai gajeren hannu da samari ke sawa, tana cin ruwa kusan lita 2,700 tun daga gona har ta fito masaƙa? Jarka 108 ke nan mai lita 25. Duk wanda ya ga mata a Keita ko Bouza suna layin rijiya da rani ya san nauyin wannan lissafi.

Dilolin gwanjo da ake kwancewa ranar kasuwa a Madaoua galibi daga Turai, Amurka da Sin suke, inda ake sayen tufa mai araha, a sa ta kwana kaɗan a yar. A kasuwar Kantamanto ta Accra ana sauke tufafin gwanjo kusan miliyan 15 kowane mako, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari shara ne. Mafi muni shi ne yadin roba, wato foliyesta: ba ya ruɓewa, iska ta maƙala shi a ƙaya, ruwan damina ya ja shi cikin ƙoramu.

A nan kuwa tsumma bai cika mutuwa ba. Tela na tara ƙyallaye ya cusa matashin kai, mace ta naɗe tsohon zane ta yi gammo, manomi ya ɗinke jarka da tsohuwar riga ya jiƙa ta, ruwansa ya yi sanyi har azahar.