Tsakanin Zobe da Gida: Tsaka Mai Wuyar Taurarin Ƙwallon Kwando

A watan Yulin 2010 LeBron James ya zauna gaban kyamarar tashar talabijin ta ESPN ya sanar da cewa zai bar Cleveland ya koma Miami. Kafin gari ya waye, wasu magoya baya sun cinna wa rigarsa mai lamba 23 wuta a bakin titi. Ɗan jihar Ohio ne, inda Cleveland take, shekara bakwai yana ɗauke da ƙungiyar a wuyansa ba kofi, amma daren nan sunansa butulu.

Kafin a yanke masa hukunci, ya kamata a san yadda gasar NBA ta Amurka take. Sabon ɗan wasa ba shi ke zaɓar inda zai je ba. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke da damar fara ɗiban sababbin jini, don haka gwani yakan faɗa hannun raunana. Sannan ma'aunin girma a can shi ne zoben da ake ba wanda ya ci kofi. Charles Barkley da Karl Malone sun yi zamaninsu, amma har yau da an ambace su sai wani ya ce, "Ina zoben?" Ga shekarun ƙarfin ɗan wasa ba su da yawa, gwiwa ba ta jira.

Akwai waɗanda haƙuri ya dafa musu dutse. Bajamushe Dirk Nowitzki ya yi kaka 21 a Dallas, ya ci kofi a 2011, kuma Miami ɗin LeBron ya doke. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, ya sabunta kwantiragi da Milwaukee a 2020 kan kusan dala miliyan 228. Kada a manta, doka ta ba ƙungiyar gida damar biya fiye da kowa, saboda haka zama ma ba sadaka ba ce. A 2021 ya zuba maki 50 a wasan ƙarshe, garin ya ga kofi bayan shekara 50.

Kevin Durant kuwa ya bar Oklahoma a 2016 ya bi Golden State, waɗanda suka fitar da shi daga gasar makonni kaɗan kafin nan. Zobe biyu ya samu, gorin bai ƙare ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ɗan wasa kaɗai ake tambaya amana. DeMar DeRozan ya yi shekara tara a Toronto, ya ƙi tafiya lokacin da yake da dama. A 2018 aka musanya shi da Kawhi Leonard, shekara na zagayowa Toronto ta ɗaga kofi, ba wanda ya ƙona rigar shugabannin ƙungiya. Aka ce dabara ce.

Damian Lillard ya ɗanɗana duka biyun, zama da tafiya. Shekara 11 yana Portland ana yaba masa riƙon amana, ana kuma yi masa dariyar rashin zobe. A 2023 ya nemi a sake shi, aka tura shi Milwaukee. A Afrilun 2025 agararsa ta tsinke ana tsakiyar wasa, bayan wata biyu da 'yan kwanaki ƙungiyar ta sallame shi yana jinya. Portland ɗin da ya bari ita ta sake buɗe masa ƙofa.