Situdiyo A Ƙarƙashin Ƙasa: A Gyara Ɗaki Kafin A Sayi Makirufo

Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga hannun matasan Kano a wurare irin su Iyan-Tama da Sarauniya, kiɗan Hausa na zamani ya bar dandali ya koma ɗaki. A yau kwamfuta ɗaya, makirufo ɗaya da lasifika biyu sun isa a buɗe situdiyo, kuma duk ana samunsu a shagunan kayan lantarki na Sabon Gari. Mawaƙan fim, sha'irai masu bege, mawaƙan coci da masu tallan rediyo, kowa na neman ɗan lungun da zai naɗi murya. Da yake fili ya yi tsada a Fagge, hayaniya kuma ba ta yankewa, ba abin mamaki ba ne mai wannan niyya ya fara hangen ƙasa, wato ɗakin ƙarƙashin bene irin wanda ake ajiyar kaya a wasu gine-ginen kasuwanci.

Tunanin ba shi da laifi. Laifin yana wurin rabon kuɗi. Matashi zai zuba jarinsa kakaf a kan na'ura, ya bar wa ɗakin abin da ya rage, alhali makirufo ba muryar mawaƙi kaɗai yake ɗauka ba, har da amsa-kuwwar bangon da ke kewaye da shi. Makirufo mai tsada ma ya fi tona asirin ɗaki maras kyau, domin ya fi jin komai.

Ayyuka biyu ne a nan, kuma an saba gwama su. Na farko shi ne tare sauti, kada hon ɗin A Daidaita Sahu da rurin janaretan maƙwabta su shigo, kada kuma kiɗan ciki ya hana mutane barci. Wannan aikin nauyi ne ke yin sa, da toshe kafa. Duk lokacin da aka ninka nauyin bango, ƙarar da ke ratsa shi na raguwa sosai, shi ya sa bulo inci tara da aka cika da kankare ya fi inci shida mai rami, shi ya sa kuma tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, irin na Gidan Makama, yake da shirun da ginin siminti na yanzu ba ya da shi. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya samu wannan falala kyauta ta ɓangarorin da ƙasa ta rufe. Rauninsa yana sama, inda takun mutane da jan kujera ke biyo dakali su sauko, sai kuma ƙofa. Maganin ƙofa shi ne a yi biyu masu nauyi, da tazara a tsakaninsu, a bi gefensu da roba, domin duk inda iska ta wuce sauti zai wuce.

Aiki na biyu shi ne gyaran amon cikin ɗakin, kuma a nan ne kwalin ƙwai ya yaudari jama'a. Ana manna shi ne saboda ya yi kama da soson situdiyon da ake gani a hotuna. Kama da wane ba wane ba ce. Kwalin ba shi da nauyin da zai tare ƙarar waje, ba shi kuma da kaurin da zai shanye ta ciki yadda ake bukata.

Ilimin wannan fanni ba sabo ba ne. A 1895 Jami'ar Harvard ta Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, gyaran wani zauren lacca da ba a fahimtar maganar mai magana a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zauren da tsakar dare, yana auna daƙiƙa nawa sauti ke yi kafin ya mutu. Abin da ya gano shi ne tsawon amsa-kuwwa ya dogara ga girman ɗaki da yawan kayan da ke shanye sauti a cikinsa. Da lissafinsa ake aiki har gobe.

Sai dai ƙaramin ɗaki yana da wata cuta ta daban, kuma ta shafe mu kai tsaye, saboda maginanmu sun fi son ɗaki ƙafa 12 da 12. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu tazarar ƙafa 12, sautin da ke girgiza kusan sau 47 a daƙiƙa zai riƙa kai da komo yana ƙarfafa kansa, haka ma ninkinsa, wajen 94. Nan ne mazaunin bes da ganga mai kauri. Idan tsawo da faɗi ɗaya ne, cutar ta ninka a wuri guda: a tsakiyar ɗaki bes ya ɓace, a jikin bango ya cika kunne. Mai haɗa kiɗan da ya zauna inda bes ya ɓace zai ƙara masa ƙarfi, sai waƙar ta fita waje ta dame a lasifikar mota ko ta gidan biki. Sau da yawa ana zargin na'ura, alhali ɗaki ne ya yi ƙarya. Saboda haka wanda ke da zaɓi ya nemi ɗakin da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa suka bambanta, wanda ba shi da zaɓi kuwa ya yi bangon ciki da zai karya daidaiton.

Tsarin zama ba ya cin ko kwabo. A fuskanci gajeren bango, a zauna daidai tsakanin hagu da dama, amma a kauce wa tsakiyar tsawon ɗakin. Ɗan gaba da kashi ɗaya cikin uku ya fi. Lasifikun biyu da kan mai sauraro su zama kamar duwatsun murhu, tazara ɗaya tsakanin kowane biyu, a daidai tsayin kunne. Sannan wani ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda mai zama ya hango lasifika a madubin, nan ne sauti ke fara karo ya dawo, nan za a rataya abin shanye shi. Haka ma silin.

Abin shanyewar kuwa kauri ake nema. Sautin da ke girgiza sau 100 a daƙiƙa tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, soson santimita 5 ba ya yi masa komai, sai dai ya cinye siririn sauti ya bar ɗaki a toshe. Abin da ke aiki shi ne audugar dutse ko ta gilashi, irin wadda ake sa wa rufi don zafi, mai kaurin santimita 10, a cikin firam ɗin katako da kowane kafinta zai iya haɗawa, a ɗan raba ta da bango, a fi cika ta a kusurwoyi inda bes ke taruwa. A lulluɓe ta da yadin Kantin Kwari, amma a hura shi tukuna: idan numfashi bai ratsa ba, sauti ma ba zai ratsa sosai ba.

Akwai abin da ya fi amo muhimmanci. Fagge ba tudu ba ce, kuma ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta isa gargaɗi ga duk mai shirin ajiye jarinsa ƙasa da matakin titi. Kafin a kama haya a je a duba ɗakin a watan Agusta, ba a lokacin sanyi ba. A ɗaga soket da na'urori daga daɓe, a yi dakali a bakin matakala, a tanadi famfon kwashe ruwa. Ɗakin da aka toshe don sauti an toshe shi ga iska, don haka dole a yi masa hanyar iska mai lanƙwasa, wadda aka lulluɓe cikinta. Janareta kuwa kada ya kusanci matakala ko mashigar iskar, domin gubar hayaƙinsa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin shiru.

Sai wuta. A Janairun 2013 mutum 242 suka mutu a wani gidan rawa a Santa Mariya ta ƙasar Barazil, bayan da soson da aka manna a silin don sauti ya kama, ya fitar da hayaƙi mai guba. Soson katifa da ake yankawa a manna a bango dangin wannan ne. Mutanen da suka ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Maris ɗin 2016 ba sa bukatar a yi musu bayanin saurin wuta. Audugar dutse ba ta ci da wuta, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita ta. Ɗakin ƙasa mai matakala ɗaya yana bukatar tukunyar kashe gobara a bakin ƙofa, wayoyin lantarki a cikin bututu, da ƙofar da ke buɗewa waje ba tare da neman makulli ba.